Farautar rana a kudancin Jigawa: yadda muka hau dutse da tsakar dare saboda shot ɗaya tak

Duk wanda ya san 'yan fim ya san ba su da abokin gaba kamar sammako. A ce maka a haɗu a lokeshin ƙarfe takwas na safe, to idan ka je ƙarfe goma kai ne za ka share wurin. Jaruma ba ta iso ba, mai kwalliya ya tafi neman hoda, darakta yana waya da furodusa a kan kuɗin mai. Kafin a ce "akshin" rana ta take tsaka, 'yan wasa suna ƙanƙance ido, gumi yana wanke kwalliyar da aka ɓata awa guda ana yi. Shi ya sa da wani matashin darakta ya same ni a Kano ya ce yana so in raka su Jigawa, za su hau dutse ƙarfe uku na dare don su ɗauki fitowar rana, sai na yi dariya na ce masa Allah ya ba da sa'a, idan sun dawo ya ba ni labari.

Bai yi fushi ba. Ya ciro waya ya nuna mani abin da ya hana shi barci. Wani dutse ne mai aman wuta a tsibirin Bali na ƙasar Indonesiya, sunansa Batur, tsawonsa mita 1,717. Kullum cikin dare 'yan yawon buɗe ido suke yin layi da tocila suna hawa, don kawai gari ya waye masu a ƙololuwa. A Japan ma haka ake yi a dutsen Fuji, mai mita 3,776, har suna na musamman suka raɗa wa fitowar ranar da ake kallo daga can sama. Ya ce shi da irin wannan hoto yake so ya buɗe fim ɗinsa mai dogon zango: duhu, sai rana ta ɓullo a bayan ƙauyuka, sai sunan fim ya fito. Ba waƙa, ba rawa, ba jaruma tana zagaya bishiya.

Na ce to ai mu ba mu da dutse mai aman wuta a nan kusa. Sai ya ce abokina da yake Unguwar 'Ya ya gaya masa akwai, sai dai ya mutu. Wannan magana ita ta sa na shiga mota.

A ƙarshen watan Oktoba na 2024 muka tafi, ranar wata Asabar, mu uku: ni da darakta da mai kyamara. Ya kamata mai karatu ya san halin da daraktan yake ciki, don ya gane abin da ya sa hankalinsa bai kwanta ba duk tsawon hanya. Kyamarar ta haya ce, kuɗin kwana ɗaya ya iya biya, kuma sai an mayar da ita Kano kafin magaribar Lahadi. A lokacin litar man fetur ta haura naira dubu. Kuɗin da zai biya 'yan wasa na sin biyu ya zuba a wannan tafiya. Ke nan safiya ɗaya gare shi. Idan hadari ya tare rana, ko hazo ya riga mu, ko wani ya zame ya karye, shi ke nan.

Mun bi ta Mariri, muka haye gadar Wudil, muka wuce Kwanar Huguma inda hanyar Dutse ta rabu, muka isa Birnin Kudu bayan azahar. Tun kafin ka shiga gari duwatsu suke fara yi maka maraba, wasu a jibge kamar an sauke su daga tifa, wani ƙato a kan wani ƙarami har ka riƙa jin tsoron kada iska ta ture shi. Yawancinmu abin da muka sani game da garin bai wuce makarantar sakandaren gwamnati da Aliko Ɗangote ya gama a 1978 ba, sai kuma cewa tsohon gwamna Sule Lamiɗo ɗan Bamaina ne a wannan ƙaramar hukuma. A nan mai masaukinmu ya tare mu. Tare muka yi zaman Kaduna Poli da shi, ni ina ɓangaren aikin jarida, shi yana ɓangaren ma'adinai, kuma tun a makaranta ba ya ganin tsakuwa a hanya ya wuce bai ɗauka ya juya ta ba.

Ya ce kafin mu je gida sai mun ga shanu. Na ɗauka kara zai kai mu. Ashe Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe yake nufi, inda mutanen da suka zauna a wurin tun kafin a san da mu suka zana shanu a jikin dutse, a ƙarƙashin inda dutsen ya yi rumfa ruwan sama ba ya taɓawa. Yawancin zanen da jan launi ne. Sai ka tsaya ka natsu kafin idonka ya raba su da launin dutsen, sannan ka fara ganin ƙaho, ka ga ƙafafu, ka ga wata ma kamar da ɗan maraƙi a gefenta. Abin da ya fi ɗaure mani kai shi ne ba su da tozo. Duk saniyar da na sani a ƙasar Hausa, daga bunaji har rahaji, da tozonta. Waɗannan bayansu a miƙe yake sumul, alamar cewa wani irin shanu ne da aka yi kiwo a nan kafin masu tozo su cika ƙasa.

Wani Bature ɗan Ingila mai suna Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, shi ne ya yi nazarin wurin a tsakiyar shekarun 1950, kuma a 1955 ya lura da cewa wasu duwatsun wurin idan an buga su da ƙaramin dutse suna amo kamar ƙararrawa. Mun gwada. Kai, jama'a! Wani ya ce "ƙwal", wani ya ce "gwam", kowane da muryarsa, kuma kana ganin ramukan da hannayen masu bugu suka lotsa tsawon zamani. Dattawan gari suna ba da labarin cewa a da amare sukan je Dutsen Murufu da ƙawayensu kafin a kai su ɗaki, a yi kiɗa da waɗannan duwatsu. Mai kyamara ya kalle ni na kalle shi. Shekara nawa ana yin finafinan gargajiya ana haɗa kiɗa da fiyano a situdiyo, ga ganga ta dutse a bakin titi ba wanda ya zo ya naɗi sautinta? Wuraren suna cikin kayan tarihin da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa take lura da su, don haka duk mai son ɗaukar fim a nan sai ya nemi izini tukuna. Abin takaici kawai shi ne a wasu duwatsun da ke kusa, samari sun bi da gawayi da fenti sun rubuta sunayensu da na 'yan matansu.

A Unguwar 'Ya muka yi magariba. Bayan tuwon dawa da miyar kuka, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, na ce wa mai masauki to yanzu sai ya biya ni bashin maganar da ta taso ni daga Kano. Ina dutsen mai aman wutar?

Ya ɗauki tsinke ya yi da'ira a ƙasa. Ya ce a wani zamani mai nisan gaske, narkakken dutse ya riƙa tasowa daga can ƙarƙashin ƙasa a wannan yanki, wani ya fashe ya fito waje da toka da wuta, wani ya tsaya a ciki. Idan rumbun da ke ƙasa ya zazzage abin da ke cikinsa, sai rufinsa ya rufta, ƙasa ta tsage a zagaye kamar zobe, sabon narkakken dutse ya cika tsagar ya daskare. Daga nan ruwan sama da iska suka yi ta cin saman, shekara miliyoyi, har suka cinye dutsen da ya yi aman. Abin da ya rage yau shi ne saiwarsa. Ya ce kamar a sare kuka ne a bar kututture. Duwatsun Dutse, da wasu na Birnin Kudu, da na Kila da Fagam a ƙasar Gwaram, da na Shira da Ningi a jihar Bauchi, har zuwa Jos, duk dangi ɗaya ne a wurin masana. Jerin ya faro tun daga Azbin a Nijar, ya biyo ta Damagaram, ya gangaro kudu, kuma na arewa sun girmi na kudu. Na Nijeriya shekarunsu suna tsakanin miliyan 140 da miliyan 210 da wani abu. Kuzar da ta sa Turawa suka yi tururuwa zuwa Jos ma daga cikin irin wannan dutse ta fito.

Darakta ya ce shi fa lissafin miliyoyin nan ba ya shiga kansa. Sai mai masauki ya tambaye shi ko ya kalli Jurassic Park, fim ɗin Steven Spielberg na 1993. Ya ce wa bai kalla ba? Ya ce to kalmar farko ta sunan fim ɗin sunan wani zamani ne, kuma a wannan zamanin ne akasarin duwatsun nan suke tafasa. Wato lokacin da waɗancan dodanni suke yawo a doron ƙasa, nan inda muke zaune muna cin gyaɗa wuta ce take tashi. Nan take darakta ya gyara zama.

Don kada wani ya fasa zuwa Gwaram saboda ya kalli Dante's Peak ko Volcano, waɗanda duk suka fito a 1997, bari in faɗa da babbar murya: waɗannan sun mutu murus, ba abin da zai tashe su. Masu ƙuruciya a Nijeriya suna wajen Biu a jihar Borno da kuma Kerang da Panyam a Filato, inda har yanzu za ka ga tudu mai baki kamar an kife ƙwarya an fasa gindinta. Mai rai sosai kuwa sai ka tsallaka Kamaru, inda babban dutsen ƙasar mai sama da mita 4,000 ya yi aman wuta a 1999 da 2000.

Tun kafin mu zo mai masauki ya riga ya kai gaisuwa wurin mai unguwar ƙauyen da ke gindin dutsen da za mu hau, can ɓangaren Gwaram wajen Kila, an kuma sanar da 'yan sintiri. Wannan ba abin wasa ba ne. A zamanin nan idan mutanen ƙauye suka hango tocila huɗu suna yawo a kan dutse da tsakar dare, ba fim ne zai fara zuwa ransu ba. Mai unguwa ya haɗa mu da wani dattijo maharbi, ya ce duk abin da ya faɗa shi za a bi.

Matsala ta farko tun kafin mu tashi ta ɓullo. Babu wuta a gari, sai aka kai batiran kyamara biyu wurin mai cajin waya. Da muka je karɓa bayan isha'i, ashe man janaretonsa ya ƙare tun da wuri. Ɗaya ya ɗan samu, ɗayan ko ɗigo. Mai kyamara ya saka ya duba ya ce idan an yi sa'a zai yi minti goma. Darakta bai ce uffan ba, amma na ga tuwon da ya ci ya koma masa ciki.

Ƙarfe ɗaya da wani abu na dare muka hau babura biyu. Sanyi na kaka ya fara sauka, ga ƙamshin karan dawa da na riɗi da aka yanka aka jingine a gonaki. Mun sami Baba maharbi zaune a kan turmi a bakin ƙauye, da 'yar fitilarsa ta goshi, da gora, da wani yaro jikansa da zai ɗaukar mana ƙafar kyamara. Ya haska ƙafafunmu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina ya tsaya.

"Ɗana, da wannan za ka hau?"

Takalmi ne sau-ciki mai santsi, na zuwa ɗaurin aure. Na ce, "Baba, shi kaɗai na zo da shi."

Ya tura yaron gida ya ɗauko mani wani takalmin roba irin na Fulani, ya ce in saka. Ya matse ni, amma wallahi ba don shi ba da yanzu wani ne yake rubuta maku wannan labari. Sannan ya kafa mana doka uku. Kada wanda ya wuce gabansa. Kada wanda ya zura hannu a ramin dutse ko ya dafa inda bai haska ba, saboda kububuwa da kunama. Kuma idan ya ce a tsaya, a tsaya, ba tambaya.

Farkon hawan ba wuya, sai ƙarangiya da ciyawa mai raɓa da ta jiƙa mana wando har gwiwa. Wata ya fito ɗan siriri, ba ya haska komai. Bayan kamar rabin awa sai hanya ta ƙare, muka fuskanci falalen dutse a tsaye kamar bangon gidan sama. A nan na gane bambancin kallon abu a waya da yin sa. Da rana kana ganin inda za ka da inda ka baro. Da dare duniyarka gaba ɗaya ita ce ɗan da'irar da tocila ta haska, taku biyu a gabanka. Ba ka san ko ramin da ke gefenka kamu ɗaya ne ko gaba ashirin ba. Baba ya ce wannan ma rahama ce, don da muna ganin ƙasa da rabinmu sun koma.

Muna rarrafe da hannu da ƙafa. Dutsen yana da kaushi kamar dutsen niƙa, kuma abin mamaki da ɗan ɗuminsa, zafin ranar jiya bai gama fita ba. Darakta ya dafa ya ce, "Kai, ka tabbata abin nan ya mutu?" Muka fashe da dariya har Baba ya yi mana tsawa. Can sai wani abu ya yi tsalle ya shige tsaga, na kusa sakin tocila. Yaron ya ce rema ce. Mai kyamara, wanda yake goye da jakar da ta fi kuɗin duk abin da na mallaka, shi ya fi kowa shan wuya. A wani wuri matsattse sai da ya cire jakar aka miƙa ta hannu da hannu, yana ta faɗin "a hankali don Allah, ba tawa ba ce".

A tsakiyar hawa numfashina ya ƙare. Na zauna na ce su je, su same ni a nan idan sun dawo. Baba ya dawo da baya ya tsuguna, ya ba ni ruwa daga gorarsa, ya ce in kashe tocila. Na kashe. Ya ce in ɗaga kai. Ni ɗan birni ne, na saba da sama mai taurari biyar ko shida. Nan kuwa kamar an watsa gero a baƙin zane. Ya nuna mani kaza da 'ya'yanta ta riga ta karkata yamma, ya ce idan ta kai kan wancan icen ararraɓi asuba ta kusa, kuma shi bai taɓa barin baƙo a rabin dutse ba, ba kuma zai fara da ni ba. Na miƙe.

Mun kai sama wajen ƙarfe biyar saura. Iska ce ta fara tarbar mu, mai sanyi har cikin ƙashi, ga rigunanmu sun jiƙe da gumi. Wanda duk zai yi irin wannan tafiya ya riƙe rigar sanyi a jaka, ko da a ƙasa zafi ake yi. Mu ba mu riƙe ba, sai muka takure a bayan wani dutse kamar 'yan tsaki. Ƙasa baƙi ƙirin, in ban da wuta ɗaya ɗaya a rugage da fitilar wata mota can nesa tana tafiya kamar ƙwaro.

Sai aka fara kiran salla. Wannan ne abin da ban yi tsammani ba, kuma shi ne ba wanda ya gaya mani a cikin duk masu hawan Bali. Daga ƙauyen da ke gindinmu aka fara, sai wani daga hagu ya karɓa, sai wani can nesa ƙwarai da kyar kake jin sa, wani da lasifika wani da baki, har suka zagaye mu. A cikin gari kiran masallacin unguwarku kawai kake ji ya danne saura. A nan kana jin ƙasar gaba ɗaya tana farkawa, ƙauye bayan ƙauye, zakaru suna biye. Muka yi alwala da ragowar ruwan gora, kaɗan kaɗan, Baba ya ja mu salla a kan falalen dutse. Goshina bai taɓa sauka a wuri mai sanyi haka ba.

Bayan an shafa addu'a aiki ya tashi. An kafa kyamara tana kallon gabas. Gabas ta fara yin toka-toka, sannan wani ja ya shigo ta ƙasa. Darakta ya ce a kunna. Mai kyamara ya ce idan ya kunna yanzu batir zai mutu kafin rana ta leƙo. Darakta ya ce idan kuma ta fito ba a kunna ba fa? Wayar kowa ta nuna lokacin fitowar rana, ƙarfe shida da 'yan mintuna, amma akwai wani siririn hazo kwance a gindin sama, ba wanda ya san minti nawa zai ci. Ga shi a wannan yanki namu rana ba ta jan rai: daga lokacin da gefenta ya ɓullo zuwa ta fito gaba ɗaya minti biyu ne da 'yan daƙiƙoƙi. Murya ta fara tashi. Kamar bai ishe mu ba, mai kyamara ya leƙa ya ga raɓa ta rufe gilashin, sai da ya bi shi da ƙyalle a hankali yana salati.

Baba yana zaune yana cin goro yana kallonsu. Can ya ce, "Samari, me ake wa faɗa?" Aka yi masa bayani. Ya ce, "To ku daina kallon gabas. Ku juya baya."

Muka juya. A yammacinmu akwai wani ƙololuwa da ya fi namu tsawo. Ya ce rana tana gaida babba kafin ƙarami. Idan kan wancan ya yi ja, to ku kunna abinku, ta iso. Mai masauki ya buga cinya ya ce wallahi haka yake, wanda ya fi tsawo shi yake fara hango ta. Darakta ya yi shiru, ya ce a bi maganar Baba.

Na sha jira a rayuwata, amma ban taɓa jin mintuna masu nauyi kamar waɗannan ba. Mutum biyar sun ba wa gabas baya suna kallon baƙin dutse. Sai yaron ya ce, "Ga shi!" Can ƙarshen ƙololuwar ya kama kamar an ɗora masa garwashi. Mai kyamara ya danna. Ba a yi minti ɗaya ba gefen rana ya huda hazon, ja wur kamar wainar da aka ciro daga tanda, kana iya kallon ta ido da ido ba ta kashe maka gani. Dalilin jan, in ji mai masauki, shi ne a wannan lokaci hasken yana ratsa iska mai kauri da ƙura kafin ya iso gare mu, sai shuɗin ya watse a hanya ja ya rage. Masu fim na ƙasashen waje suna kiran wannan ɗan lokaci da sunan zinare, suna kuma iya kwana uku suna jiran sa.

Haske ya fara bin ƙasa. Abin da yake baƙi ɗazu ya zama gonaki, ya zama kukoki da tsamiyoyi kowace da doguwar inuwarta, ya zama rufin kwano da na ciyawa, hayaƙin girki yana miƙewa sama a tsaye. Duwatsun da muka kwana muna jin labarinsu suka fito a jere, suna lanƙwasa, har na fara ganin kamar zoben nan da aka zana mana da tsinke, ko da yake mai masauki ya ce in rage zumuɗi, daga taswira ake ganin sa sosai. Ba wanda ya yi magana. Darakta ya riƙe kansa da hannu biyu.

A nan zan ɗan faɗi ra'ayina, wanda ya ji haushi ya yi haƙuri. Tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa yau, sama da shekara talatin, masana'antarmu ta yi finafinai ba iyaka, amma ƙasar da muke zaune a kanta ba ta cika fitowa a cikinsu ba. Zamanin Sangaya da abin da ya biyo baya, in za a yi waƙa sai Tiga ko Bagauda ko a ɗauki hanyar Jos. Yanzu kuma zamanin masu dogon zango, daga falo sai ofis sai cikin mota. Indiyawan da muke kwaikwayo ba haka suka yi ba. Kashmir da muka sani tun muna yara, ai a fim muka san ta, kuma Yash Chopra ya yi ta kwasar 'yan wasa zuwa Suwizalan saboda dutse da haske kawai. Mu ga namu a tafiyar awa biyu da wani abu daga Kano, ba biza ba kuɗin jirgi, abin da yake nema kawai mutum ya tashi da dare. Ba kuma zai jira mu har abada ba, don a hanyarmu ta zuwa mun wuce wurare da dama inda ake fasa dutse ana lodawa a tifa.

Batir ya yi minti shida da 'yan kai, ya ɗauke. Mai kyamara ya sauke ajiyar zuciya ya ce an samu. Muna cikin yi wa juna barka sai yaron ya sake nuna ƙasa. Daga wata ruga an saki shanu, farare, sun fi hamsin, sun jeru a kan burtali suna tafe, ƙurar da suke tayarwa ta zama ruwan zinare a cikin hasken, wani ɗan Fulani da sanda a wuya yana biye. Na tuna da jajayen shanun Dutsen Mesa marasa tozo. Darakta ya yi wani irin ihu, ya fizgi wayarsa, ita ma sanyi da tocila sun cinye ta. Tawa ta ɗauka, amma daga wannan nisa sai ka ce tururuwa. Haka muka tsaya muna kallo har suka shige bayan dutse.

Saukowa ta fi hawa wuya, don yanzu ido yana ganin abin da dare ya ɓoye. Wurin da na zauna na ce a bar ni, ashe taku uku ne tsakanina da wani rami da ko kallon sa ba na so in sake yi. Da gindi na sauko rabin hanya, wandona ya yage. Baba kuwa, mai shekarun kakana, yana gaba yana tsinkar ganyen magani yana zubawa a aljihu.

A ƙauye matar Baba ta aiko mana da koko da ƙosai. Aka sami mai janareto aka ɗan saka batir, muka taru a zaure ana kallo a ɗan allon kyamara, yara sun cika ƙofa. Baba ya sa ido ya kalla har ƙarshe, ya ce ranar ta yi kyau, amma ta shekaranjiya ta fi ta. Darakta ya ciro kuɗi ya ba shi, ya ƙirga ya mayar da rabi, ya ce a sayi mai. Sannan ya tambaya ko za a sa sunan ƙauyensu a fim ɗin. Darakta ya ce in Allah ya yarda, har da nasa.

Na mayar da takalmin roba na karɓi nawa. Ƙarfe biyar da rabi na yamma muka shiga Kano, aka miƙa kyamara ga mai ita lafiya lau. Ni kuwa sai da na yi kwana uku ina salla a zaune.